Filin Tambaya da Amsa: Manhajar Kasuwancinmu Tana Saiɓi, Daga Ina Matsalar Take?

Wasiƙun da muka ware a wannan fitowar duk daga Gombe da kewayenta suke, kuma kukansu ɗaya ne: manhajar da kwamfutoci da yawa ke aiki da ita lokaci guda ta koma tafiyar hawainiya. Mun gajarta wasu, mun kuma cire sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sayar da magunguna a sari kusa da babbar kasuwar Gombe. Kwamfuta shida gare mu: ta ofishina ita ce saba (wadda ke riƙe da bayanan da sauran ke aiki da su), uku na kashiyoyi, ɗaya a sito, ɗaya wurin akanta. A da rasit nan take yake fita. Yanzu kashiya zai rubuta sunan magani ya zauna jiran kusan rabin minti, layi ya taru. Wanda ya haɗa mana ya ce sai na sayi sabuwar saba. Me kuka gani? (Daga mai shagon magani, Gombe)

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Riƙe kuɗinka tukuna. Mai yiwuwa ne maganar injiniyan ta zama gaskiya, amma ba a yanke wannan hukunci da ido. Daga lokacin da kashiya ya danna maɓalli zuwa lokacin da amsa ta bayyana, saƙon yakan bi wuri huɗu: kwamfutar kashiyan, wayar netwok da suwic (akwatin da ake cusa wayoyin dukan kwamfutocin), sabar kanta, sai rumbun bayanan da ke cikinta. Sabuwar saba ɗaya daga cikin huɗun kawai take gyarawa.

Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Zaɓi aiki guda ɗaya, misali neman wani magani da sunansa. Bayan an tashi daga aiki, yi shi sau uku a kan sabar kanta kana aunawa da agogon wayarka, sannan sau uku a kan kowace kwamfuta. Rubuta sakan nawa ya ɗauka a takarda. Washegari da hantsi, lokacin da kasuwa ta yi zafi, ka maimaita. Takardar nan za ta nuna maka inda za a dosa. In aikin yana gudu a saba amma yana jan ƙafa a duk sauran, laifin hanyar da ke tsakaninsu ne. In kwamfuta ɗaya ce tal ke saiɓi, ita ce ko wayarta. In har a kan sabar ma haka yake alhali babu kowa a kai, to a duba had dis, RAM ko rumbun bayanan. In kuwa da yamma lafiya lau, sai da hantsi abin ke taɓarɓarewa, to cunkoso ne: ko dai had dis ɗin ya kasa ɗaukar buƙatun mutum shida, ko wani aiki yana kulle bayanai yana sa sauran jira.

Mu fara da waya, domin a shagunanmu nan aka fi samun ɓarna. A kowace kwamfuta danna maɓallin Windows tare da R, rubuta ncpa.cpl, ka danna Ethernet sau biyu, ka duba layin da aka rubuta Speed. Abin da kake so ka gani shi ne 1.0 Gbps. In ka ga 100 Mbps, kwamfutar tana tafiya da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta. Dalilin yana cikin wayar. Ƙananan wayoyi takwas ne a cikinta. Gudun gigabit yana buƙatar takwas ɗin duka, shi kuwa na 100 huɗu kawai yake amfani da su. Saboda haka in ɗaya ta tsinke, ko ba ta zauna daidai a cikin kan roban nan na RJ45 ba, sau da yawa haɗin ba ya yankewa, sai dai ya sauko zuwa 100 shiru ba tare da wani gargaɗi ba. Ɓera ya ɗan gwaigwayi waya a silin, ko ƙafar kujera ta daɗe tana taka ta, ya isa. Akwai ƙaramar na'urar gwada waya mai fitilu takwas, kowane mai haɗa netwok ya kamata ya zo da ita. Fitilar da ta ƙi kamawa, a yanke kan a sake matse sabo. In hakan bai yi ba a canza wayar baki ɗaya.

Wayar ta zama Cat5e ko Cat6, kuma tsawonta daga suwic zuwa kwamfuta kada ya wuce mita 100. A yi hattara da mai arhar nan da ake rubuta wa CCA a kwali. Alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kankare bakin ɗaya da reza, in cikin ya fito fari, ita ce. Saurin karyewa gare ta a wurin lanƙwasa, kuma a doguwar tafiya tana zubar da saƙo.

Shi ma suwic ɗin duba jikinsa. In an rubuta 10/100, ko ka sa wayar zinare ba zai wuce 100 ba. Haka nan ramukan bayan ƙananan rautoci (na'urorin raba intanet) da yawa. Suwic na gigabit mai rami takwas ya ishi shagonka, kuma kuɗinsa bai kai kusa da na saba ba. Abu biyu kuma ka lura da su a wurin. Na farko, kyamarorin tsaro: in suna bin suwic ɗaya da kashiyoyi, musamman ta waya guda da ta haɗa suwic biyu, hotunansu ba sa tsayawa dare da rana, sai ka ware musu nasu. Na biyu, in ka ga duk fitilun suwic suna ƙyafta ido tare kamar sun haukace, nemi wayar da aka cusa bakinta biyu a suwic ɗin guda. Mai shara kan tsinci waya a ƙasa ya mayar da ita rami da kyakkyawar niyya, saƙonni su yi ta kewayawa ba iyaka har komai ya tsaya.

Don ka tabbatar, buɗe cmd (baƙar tagar rubuta umarni ta Windows) a kwamfutar kashiya ka rubuta ping, lambar IP ta saba (adireshinta a netwok), sannan -n 100. A kan waya mai lafiya amsa takan dawo cikin milisakan ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na sakan) ko ƙasa da haka, kuma a ƙarshe ya nuna ba a rasa ko ɗaya ba. Rasa biyu ko uku cikin ɗari a cikin gini ɗaya alamar ciwo ce. Sannan kwafo fayil mai girman gigabait ɗaya daga saba. A gigabit wajen sakan goma ne, a 100 kuwa kimanin minti ɗaya da rabi.

In waya ta fita zargi, koma kan saba lokacin da aiki ya yi yawa. Danna Ctrl, Shift da Esc, shiga Performance, ka zaɓi Disk. In Active time ya lafe a kashi 100, kuma Average response time yana haura milisakan 50 zuwa ɗaruruwa, had dis ne ke riƙe ku. Tsohon had dis mai juyawa ɗari da wani abu na ƙananan karatu yake iya yi a sakan, SSD kuwa, wato nau'in da ba ya juyawa, dubbai yake yi, kuma aikin rumbun bayanai kusan duk irin waɗannan ƙananan karatun ne. Sauya shi da SSD, a kwafe komai yadda yake, yakan mayar da tsohuwar saba sabuwa. Kafin nan sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce. In ta nuna Caution da ruwan ɗorawa, had dis ɗin ya kama hanyar mutuwa, ka kwashe bayananka yau ɗin nan kafin ka ƙarasa karanta wannan shafi. A duba Memory ma. In kullum yana sama da kashi 85, a ƙara RAM. Ga shago irin naka gigabait 16 ya wadatar.

Sai wata magana, Alhaji, a yi mana afuwa. Ka ce sabar ita ce kwamfutar ofishinka. In a kanta ake buɗe shafuka ashirin a Chrome, ana kallon YouTube, yara su zo hutu su sa wasanni, to kashiyoyinka da su suke rabon RAM. A bar saba ta yi aikin saba, a ba ta lambar IP tsayayya, a sa Power plan ɗinta a High performance, a hana ta yin barci. Duk abin da za ku canza, ku canza ɗaya, ku sake aunawa, ku rubuta a takardar nan, sannan ku taɓa na gaba.

TAMBAYA: Ni ce ma'ajiyar wata makaranta mai zaman kanta a Tumfure. Bayanan ɗalibai da kuɗin makaranta suna cikin fayil ɗin Microsoft Access a kwamfutar shugaba, mu huɗu muke buɗe shi ta WiFi. In mutum ɗaya ne yana da sauri, da na biyu ya shiga sai ya yi nauyi. Sau biyu yana cewa bai gane fayil ɗin ba. Girmansa yanzu gigabait 1.6. (Daga wata malama, Tumfure)

AMSA: Malama, kina bakin rami. Fayil ɗin Access ba ya wuce gigabait 2, kuma tun kafin ya kai nan yake fara rikici. Yau ki kwafe shi a filas bayan kowa ya fita daga ciki, ki ajiye a wani wuri daban.

Yadda Access yake aiki shi ne asalin damuwar. Babu wata manhaja a kwamfutar shugaba da ke karɓar tambaya ta tace ta aiko da amsa kawai. Kwamfutar kowannenku ce ke jawo sassan fayil ɗin ta netwok, ta yi lissafin da kanta, ta mayar da abin da ta rubuta. In WiFi ya ɗan yanke na ƙiftawar ido ana tsakiyar rubutu, fayil ɗin ya sami rauni. Saƙon da kika gani sau biyu daga nan yake. Don haka waya za a ja wa kowace kwamfuta, babu wata dabara da ta maye gurbin wannan. Kuma kada wani ya ba ku shawarar sa fayil ɗin a cikin foldar Google Drive, OneDrive ko Dropbox don a riƙa buɗewa tare. Lalacewa zai yi, ko ku wayi gari da kwafi biyu masu saɓa wa juna.

Bayan waya, sai a bi waɗannan a jere. A buɗe fayil ɗin mutum ɗaya, a shiga Database Tools a danna Compact and Repair Database. Access ba ya mayar da gurbin abin da aka goge sai an yi haka, don haka girman kan ragu sosai. A riƙa yi duk mako. In a ciki kuke adana hotunan ɗalibai, su ne suka kumbura shi. A fitar da su zuwa folda, a bar sunan kowane hoto kawai a tebur.

Sannan a raba fayil ɗin biyu. A Database Tools ɗin akwai maɓallin Access Database da ke yin wannan. Tebura za su koma fayil guda da zai zauna a kwamfutar shugaba, fom-fom da rahotanni su zauna a ɗayan. Wannan na biyun kowa a kwafa masa nasa a kan kwamfutarsa. Nan mutane ke kuskure, su raba amma su ci gaba da buɗe kwafi ɗaya ta netwok, an yi ba a yi ba ke nan.

Nauyin da kike ji in na biyu ya shiga yana da alaƙa da ƙaramin fayil mai ƙarewa da .laccdb, wanda Access ke amfani da shi wajen sanin wa ke ciki. Duk lokacin da aka buɗe haɗi aka rufe sai an taɓa shi. Maganin shi ne wanda ya gina muku ya sa wani ɓoyayyen fom da ke riƙe da ƙaramin tebur a buɗe tun daga shiga har fita. Ya kuma kashe Name AutoCorrect a Options, ya mayar da Subdatasheet Name na kowane tebur zuwa None, ya hana fom ɗin ɗalibai jawo sunan kowa da kowa da zarar an buɗe shi. A takarda Access yana ɗaukar mutum 255. A aikace, in kun doshi goma zuwa sha biyar masu rubutu lokaci guda, ku mayar da teburan SQL Server Express, fom-fom ɗinku na Access su ci gaba da aiki a kansa. Microsoft yana da manhaja kyauta ta wannan ƙaura, sunanta SQL Server Migration Assistant.

TAMBAYA: Muna sayar da taki da irin shuka, babban ofis a Gombe, mun buɗe reshe a Billiri. An haɗa reshen da sabar Gombe ta intanet. Buɗe takardar ciniki ɗaya minti biyu yake ci. Mun sayi data mai yawa, mun canza layi, babu bambanci. (Daga wani manaja, Gombe)

AMSA: Malam, ko ka sayi datar duniya ba za ta canza ba, domin abin da ke damunku jinkirin zuwa da dawowa ne, yawan data bai shafe shi ba. Irin waɗannan manhajojin an gina su ne don kwamfutocin da ke ɗaki ɗaya. Kafin su buɗe takarda guda sukan yi wa saba ƙananan tambayoyi masu ɗimbin yawa, ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ta sami amsa kafin a aika ta gaba. Mu ƙaddara tambaya 2,000 ce. A cikin ofis, kowace rabin milisakan, jimla sakan ɗaya. Ta layin waya kuwa saƙon ba daga Billiri zuwa Gombe yake miƙewa ba, sai ya bi ta cibiyar kamfanin sadarwa a wani gari mai nisa ya dawo. In kowace tafiya ta ci milisakan 60, lissafa: 2,000 sau 60 ya ba da milisakan 120,000, wato sakan 120. Minti biyunka ke nan. Yi ping daga reshen zuwa sabar ka ga lambar da idonka.

Mafita ita ce manhajar ta riƙa gudana a Gombe kusa da rumbun bayanan, hoton allo kawai ya riƙa zuwa Billiri. Wannan shi ne aikin Remote Desktop. In ma'aikaci ɗaya ne a reshen, ajiye masa kwamfuta guda mai Windows Pro a babban ofis wadda ba mai zama a kanta, ya riƙa shiga daga can. Windows Pro mutum ɗaya yake bari a lokaci guda. In sun kai uku ko huɗu, ko dai kowa da tasa kwamfutar, ko a sa Windows Server da lasisin Remote Desktop Services na kowane mutum. Wani amfanin kuma, in layi ya yanke ana tsakiyar ciniki babu abin da ya lalace, aikin yana nan a Gombe yana jira.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi: kada a buɗe ƙofa ta 3389 ta Remote Desktop, ko ta 1433 ta SQL Server, kai tsaye ga intanet. Masu kulle bayanan mutane su nemi kuɗin fansa dare da rana suke laluben waɗannan ƙofofin. A bi ta VPN, wato rufaffiyar hanya mai tsaro a cikin intanet. In kuma kuna shirin buɗe wasu rassan a Kumo ko Bajoga, ku tambayi masu manhajar ko suna da nau'in da ake buɗewa ta burauza, shi ne aka gina don nisa.

TAMBAYA: Ni matashi ne mai rubuta manhaja. Na gina wa wani ƙaramin asibiti tsari da PHP da MySQL. Shekara ta farko lafiya, yanzu teburin biyan kuɗi ya kai layi 800,000, rahoton wata sai ya yi minti uku, kuma in yana gudana masu karɓar kati sai su maƙale. (Daga Pantami)

AMSA: Ɗan'uwa, layi 800,000 ba komai ba ne a wurin MySQL. Kusan tabbas fihirisa ce babu. Ka tuna littafin bashi na ɗan tireda: in ba a ware shafi ga kowane mai bashi ba, duk wanda ya zo biya sai an karanta littafin daga bango zuwa bango. Yana da shafi goma ba a ji, ya kai dubu an shiga uku.

Kada ka yi ta cusa fihirisa da ka. A fayil ɗin my.ini sa slow_query_log=1 da long_query_time=1, domin asalin saitin sakan 10 ne, ya yi yawa. Bar shi ya kwana ɗaya yana tattara duk tambayar da ta wuce sakan guda. Ɗauki mafi muni, sa EXPLAIN a gabanta. In ka ga ALL a ƙarƙashin type, kuma rows ya kusa yawan layukan teburin, duka yake karantawa. Sa fihirisa a kan ginshiƙan da ke cikin WHERE da JOIN, wato ranar biya da lambar majinyaci.

Akwai rubutun da ke hana fihirisa aiki ko da tana nan. In ka rubuta WHERE YEAR(rana)=2024 AND MONTH(rana)=3, dole ya lissafa wa kowane layi. Mayar da shi rana >= '2024-03-01' AND rana < '2024-04-01', sai ya tafi kai tsaye. Haka LIKE '%musa%', alamar da ke farko tana kashe fihirisa, 'musa%' kuwa yana amfani da ita. Duba lambar PHP ɗinka ma. In ka jawo layi 5,000 sannan a cikin zagaye kana tambayar sunan majinyaci ɗaya-ɗaya, tambaya 5,001 ka yi a inda JOIN guda ya isa. Wannan kuskuren ba ya fitowa a rajistar masu saiɓi, domin kowace tambaya ita kaɗai tana da sauri.

Maƙalewar masu kati kuwa, rubuta SHOW TABLE STATUS ka duba Engine. In MyISAM ne, dogon karatu yana tare duk mai son rubutu a teburin har sai ya gama. Mayar da shi InnoDB, bayan ka ɗauki kwafi. Sannan innodb_buffer_pool_size asalinsa megabait 128 ne kacal. A saba mai gigabait 8 wadda ba ta wani aiki sai wannan, ba shi 4. In kuma shigowar farko daga wasu kwamfutoci ce ke jinkiri, gwada skip-name-resolve, amma ka tabbata izinin masu shiga da lambar IP aka rubuta shi, in da sunan kwamfuta ne za su kasa shiga. Fihirisa ma kada ta yi yawa, kowace ɗaya tana ƙara wa rubutu nauyi.

TAMBAYA: Manhajar kantinmu a kan SQL Server Express take. Had dis ya kusa cika, na ga wani fayil mai ƙarewa da .ldf ya kai gigabait 80. In goge shi? (Daga wani akanta, Jekadafari)

AMSA: Kul, Malam, kada ka goge. Rajistar duk canjin da ake yi ce, in ka cire ta rumbun na iya ƙin buɗewa. Ta kumbura ne saboda Recovery model yana kan Full kuma ba a taɓa ɗaukar kwafin rajistar ba, don haka SQL Server yake ta tarawa yana jira. A Management Studio danna dama a kan rumbun, Properties, Options. In kwafin kowane dare ya ishe ku, ɗauki cikakken kwafi yanzu, mayar da shi Simple, sannan ka rage girman .ldf ɗin sau ɗaya ta Tasks, Shrink, Files. In ba za ku iya jure asarar cinikin yini guda ba, bar shi a Full, a riƙa ɗaukar kwafin rajistar duk rabin awa ko awa ɗaya.

Tunda kana wannan shafin, mayar da Auto Close da Auto Shrink zuwa False. Na farkon yana rufe rumbun duk lokacin da mutum na ƙarshe ya fita, na gaba ya sha jiran buɗewa. Na biyun yana matse fayil ya hargitsa fihirisa, fayil ɗin ya sake girma, a yi ta aikin baban giwa. Express ba shi da SQL Server Agent, mai gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara, don haka kwafin dare da sabunta ƙididdiga da sp_updatestats sai an tsara su ta Task Scheduler da sqlcmd.

Ka kuma san iyakar Express. Daga bugun 2008 R2 zuwa na 2022, fayil ɗin bayanai ba ya wuce gigabait 10, kuma a bugun baya-bayan nan wajen gigabait 1.4 na RAM kawai yake ajiye bayanai a ciki, da ƙwayoyin firosesa huɗu. Don haka ƙara wa sabar RAM zuwa 32 ba zai yi tasirin da kake zato ba. Duba girman fayil ɗin .mdf. In ya haura 8, a kwashe cinikin tsofaffin shekaru zuwa wani rumbu, ko a sayi Standard. In kuma kashiyoyi suna tsayawa cak lokaci ɗaya, rubuta sp_who2 a daidai lokacin, ginshiƙin BlkBy zai nuna lambar wanda ya tare hanya. Galibi rahoto ne mai nauyi, a mayar da shi bayan rufe kanti.

TAMBAYA: Sabarmu lafiya take da safe, daga azahar sai ta fara nauyi, musamman a watan Maris da Afrilu. (Daga Tudun Hatsi)

AMSA: Alhaji, zafi ne. Firosesa in ta doshi digiri 90 zuwa 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, ga ƙaiƙayi da garin hatsi a inda kuke, sai bazara ta zo ta same ta a haka. A kashe ta, a buɗe, a hure da abin hura iska, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. In ta haura shekara uku a sake shafa man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta. A ɗaga ta daga ƙasa, a fitar da ita daga cikin kabad. Manhajar HWMonitor za ta nuna maka zafin kafin da bayan.

TAMBAYA: QuickBooks ɗinmu, manhajar lissafin kuɗi, yana yawan nuna saƙon kuskure na H202 in muka koma aikin mutane da yawa, in ya buɗe ma da ƙyar. Kuma duk lokacin da aka juya zuwa janareta sai kowa ya fita. (Daga Bolari)

AMSA: Hajiya, zagaya kowace kwamfutar ma'aikaci, shiga File, Utilities. In kin ga Stop Hosting Multi-User Access, danna shi. Saba kaɗai ya kamata ta riƙe wannan aikin. A kan sabar buɗe QuickBooks Database Server Manager ki sa ya binciki foldar da fayil ɗin kamfani yake, ki tabbata katangar Windows ba ta tare shi ba. Ki kuma cire foldar daga binciken antibairos, domin in ba haka ba yana leƙa fayil ɗin duk lokacin da aka taɓa shi. Antibairos ɗin ma ɗaya ya isa, biyu faɗa suke yi da juna.

Batun janareta, muna kyautata zaton saba tana kan UPS (na'urar batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke) amma suwic a bango aka cusa shi. Wuta na ɗaukewa suwic ya mutu, haɗin kowa ya tsinke ko da kwamfutocin ba su mutu ba, kuma irin wannan tsinkewar tana iya lalata fayil. Mayar da suwic da rauta kan UPS. Batirinsa a zafin Gombe ba kasafai yake wuce shekara biyu zuwa uku ba. Bayan an tashi aiki, kowa ya fita daga manhajar, zare filogin UPS ɗin daga bango ki duba agogo. In bai riƙe minti biyar ba, a canza batirin.